Kafin ka cike fom ɗin Chevening, ka san inda za ka koma

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama hidimar ƙasa, kana aiki da wata ƙaramar ƙungiya a Jos, kana neman tallafin yin digiri na biyu a Ingila, kuma kana son sanin ko waɗanda suka yi sun samu aiki mai tsoka bayan sun gama. Wannan tambaya ba ta yanke mana a nan Ingila, kuma yawancin masu yin ta abin da ke ransu shi ne su zo su zauna. To mu fara daga nan, kada ka ɓata shekara a banza.

Chevening tallafin karatu ne da kuɗin gwamnatin Birtaniya, karatun shekara ɗaya, kuma za ka sa hannu cewa za ka koma Najeriya ka zauna aƙalla shekara 2. Bizar nan da ake ba ɗalibai su tsaya su yi aiki bayan kammalawa, wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ba ya samunta sai da takardar amincewar mai ɗaukar nauyin, su kuwa ba za su ba ka ba. Commonwealth, wani tallafin karatun na Birtaniya, ita ma komawa take so. Fulbright ta Amurka bizarta na ɗauke da sharaɗin shekara 2 a gida. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai ce ba ta ɗaure ka da wannan. In zama kake so, nemi wadda ta dace da niyyarka, kada ka rubuta wa mutane alkawarin da ba za ka cika ba. Masu yin haka na baya suke toshe wa hanya: TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu a Najeriya, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025, kuma cikin dalilan da ta bayar akwai tsadar kuɗin waje da waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Wannan yana ci mini rai matuƙa.

Sharuɗɗan shiga suna shafinsu, ba sai na karanto maka ba. Abu biyu dai ke kayar da mutanenmu: awa 2,800 na aiki da Chevening ke nema, wanda aikin sa kai ma yana shiga lissafinsa, da takardar sakamakon jami'a da ake jinkirin nema har lokaci ya ƙure. Commonwealth kuma ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke Abuja ake bi, ban da irin wadda jami'o'in Ingila ke zaɓa da kansu.

Yanzu batun aiki. Wanda ya fi cin riba shi ne wanda ya bar kujera tana jiransa. Malamin jami'a da ya tafi da izini yana dawowa matsayinsa, amma ya sani digiri na biyu ba ya kai mutum babban lakcara, sai da digirin digirgir da rubuce-rubuce a mujallu. Ma'aikacin gwamnati ya karɓi izinin hutun karatu a rubuce kafin ya hau jirgi, ba "oga ya ce je ka" ba. Wanda ya tafi da izinin baka yana iya dawowa ya tarar an tsayar da albashinsa an rubuta shi cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Idan sabon shiga aikin gwamnati ne, digiri na farko matakin albashi na 8 ne, na biyu mataki na 9. Bambancin ke nan, mataki ɗaya. Takardar digirin na waje kuma sai an kai ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya an tantance, wannan ma yana cin lokaci.

Da can da yawa daga cikin masu dawowa ƙungiyoyin agaji da ofisoshin jakadanci na Abuja ke kwashe su. Wannan kasuwa ta tsuke. An rushe USAID, hukumar agajin Amurka, a 2025, Birtaniya ta sanar za ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa, kuma mutane masu shekaru goma na gogewa suna neman gurbin da kai ma za ka nema. Saboda haka kada ka ajiye aikinka na Jos cikin fushi ko gadara. Ka nemi hutu, ka rabu da su lafiya, ka riƙa aiko musu abin da kake koya tun kana nan.

Batun amfanar al'umma kuwa, a nan rubutun da mutanenmu ke yi a fom ke mutuwa. Kowa "zan kawar da talauci a Arewa". Masu tantancewa sun karanta wannan sau dubu. Kai da ke Filato matsaloli ne a gabanka masu suna da adireshi: cutar da ke ƙone ganyen dankalin Turawa da damina a Bokkos da Mangu, rashin wurin ajiya da ke sa manomi ya sayar a wulaƙance lokacin girbi, ramukan haƙar kuza da aka bari cike da ruwa a Bukuru da Barikin Ladi. Akwai cibiyar binciken dankali a Kuru, akwai ta lafiyar dabbobi a Vom. Zaɓi matsala ɗaya, ka faɗi abin da ka riga ka yi a kanta, mutum nawa ya shafa, wane darasi a kwas ɗin zai cike maka gibi, da wanda za ka yi aiki da shi in ka dawo. Waɗanda aikinsu ke ɗorewa bayan dawowa irin waɗannan ne. Kuma ka zaɓi abin da za ka iya yi da kayan aikin da ke Najeriya, domin injin da za ka saba da shi a ɗakin bincike a nan ba lallai ka same shi a gida ba, balle wutar da za ta tayar da shi.

Maganar kuɗi a taƙaice: alawus ɗin na ci da haya da mota ne na mutum ɗaya. Chevening ba ta biyan na mata da 'ya'ya, aikin da biza ta yarda maka kuma awa 20 ne a mako lokacin karatu. 'Yan uwa za su buga fam da naira su ga kamar ka yi arziki. Ka zaunar da su Baba ka yi musu bayani tun kafin ka tafi.

Ka nemi takardar sakamakonka a wannan makon. Sannan ka rubuto mini shafi ɗaya a kan matsalar da ka zaɓa da inda za ka yi aiki a shekara biyun farko bayan dawowa, sai mu duba kwasa-kwasai ukun da za ka sa a fom.