Yaro yana aji biyar, harafi na ba shi wuya

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyar na firamare a Mabera, amma sunansa ma da ƙyar yake rubutawa, lissafi kuwa sai da yatsu. Ina jin ana maganar farfaɗo da karatun yara a rediyo. Mene ne a ciki?
Wata uwa, Sakkwato

Amsa: Hajiya, ba ɗanki kaɗai ba ne. An rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, aka yi watanni a gida, da aka dawo kuma aka tura yara gaba kamar ba abin da ya faru. Amma ni da na daɗe da alli a hannu, na san ramin ya girmi korona.

Dabarar da na fi yarda da ita daga ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito. A gwada yaro: ya san harafi, ko kalma, ko yana karanta gajeren labari? Sai a haɗa shi da tsaransa a iyawa, a manta da aji, a ba su kamar awa ɗaya kullum da Hausa. Lissafi kuwa da tsinke da tsakuwa.

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ɗora wa gwamnati ilimin shekara tara kyauta, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ke riƙe da firamare a jiha. Kafin su iso gare ki, je wurin hedimasta, ki ce a gwada shi a gabanki. Bayan magariba, ya karanta miki rubutun jikin kwalin ashana.