Lissafin jarrabawar ɗaukar aiki: ina ya kamata kuɗinka ya shiga?

Tambaya: Malam, na gama HND a Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, na kuma yi bautar ƙasa. Wani banki ya kira ni jarrabawar tantancewa nan da mako uku, kuma akwai sashen lissafi. A wani zauren WhatsApp ana sayar da tsofaffin tambayoyi a kan naira dubu biyar, wani abokina kuma ya ce in sayi ƙaton littafin GMAT. Kuɗina ba zai kai duka biyun ba. Wanne zan saya?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, ka koma ka sake karanta saƙon gayyatar. Bankuna da manyan kamfanoni ba kasafai suke tsara jarrabawar da kansu ba, kwangila suke bayarwa ga masu wannan sana'a, irin su Dragnet a nan Najeriya ko SHL ta Ingila, kuma sau da yawa sunan yana cikin saƙon ko a adireshin da aka turo maka. Kowa da salonsa. Tambayoyin SHL sun fi karkata ga jadawali da zanen alƙaluma: a ba ka cinikin rassa na wasu shekaru, a ce ka fitar da wanda ya fi ƙaruwa. Wasu kuma tambayar zube suke yi, ta riba da faɗuwa da gudun mota. SHL tana da tambayoyin gwaji kyauta a shafinta, da su za ka fara.

Littafin GMAT an yi shi ne don masu neman gurbin digiri na biyu a fannin kasuwanci. Yana da kyau, amma ya yi wa mako uku nauyi, kuma da yawan abin da ke cikinsa ba za a tambaye ka ba. Tsofaffin tambayoyin WhatsApp kuwa, amfaninsu ɗaya ne: su nuna maka kamannin tambaya. Aibinsu shi ne takarda ce da ta bi hannu da yawa, an kwafa an sake kwafa, amsoshin da ke ƙarshenta wasu ba daidai ba ne. Idan dole sai ka saya, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku biya, sannan kowace amsa ku warware ta da kanku kafin ku yarda da ita.

Abin da ke kayar da mutane a ɗakin jarrabawa lokaci ne. Lissafin kansa bai wuce na sakandare ba, sai dai abin da za ka samu a kan kowace tambaya bai fi minti ɗaya ko ɗaya da ɗan wani abu ba. Kuma tarkunan sanannu ne. Ga ɗaya: an sayi kaya naira 21,500 har da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, nawa ne kuɗinsa kafin haraji? Mai gaggawa zai cire kashi 7.5 daga 21,500 ya samu 19,887.50, kuma zai tarar da wannan amsar zaune cikin zaɓin tana jiransa, don da gangan aka sa ta. Daidai shi ne ka raba 21,500 da 1.075, ka samu 20,000, don a kan kuɗin asali aka ɗora harajin. Ga wani: mota ta je da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo da 90. Matsakaicin gudunta ba 75 ba ne. Ɗauki tafiyar kilomita 180: zuwa awa 3, dawowa awa 2, kilomita 360 cikin awa 5, wato 72. Wanda ya taɓa faɗawa waɗannan ramuka a gida ba zai sake faɗawa a gaban kwamfuta ba. Saboda haka dubu biyar ɗin nan, ni dai da data zan saya da rabinta, sauran in ajiye na mota.

Tambaya: Ni Tarihi na karanta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, rabona da lissafi tun WAEC. Wani malami ya ce zai koya mini a kan dubu ashirin a wata. In biya, ko in yi da kaina?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki biya, gwada kanki. Ki samo tambayoyi ashirin, ki ajiye agogo, ki zauna inda su Umma ba za su aike ki ba. In kin gama ki raba waɗanda kika faɗi gida biyu: wanda kin san hanyarsa lokaci ne ya ƙare, da wanda ko inda za ki soma ba ki sani ba. Idan na farko ya fi yawa, malami ba zai ƙara miki komai ba, maimaici kike bukata. Idan na biyun ne, to ki biya, amma da sharaɗi. Ki ce masa kashi cikin ɗari kike so, da rabon kaso, da matsakaici, da kuɗin ruwa, da aiki da lokaci, da karanta jadawali. Malaman lissafinmu sun saba da manhajar WAEC, in kika sake masa sai ya kwashe mako biyu yana zana miki alwatika.

Kuma kada ki raina lissafin da kike da shi. Duk wadda ta yi cefane a kasuwar Tudun Wada ta san cewa buhun da ya tashi daga dubu 40 zuwa dubu 50 ya ƙaru da rubu'i, wato kashi 25. Abin da za a gwada ki a kai shi ne in ya koma dubu 40, kashi 20 ya sauka, don yanzu daga 50 ake aunawa. Ki haddace 'yan abubuwa kamar karatun allo: ɗaya bisa takwas kashi 12.5 ne, ɗaya bisa shida kusan 16.7, uku bisa takwas 37.5, sai jadawalin sau har zuwa 15. Ki kuma koyi kintace. Kashi 19.8 na 4,980 kusan kashi 20 na 5,000 ne, wato ƙasa da 1,000 kaɗan, in zaɓi ɗaya ne a kusa da nan kin gama, ki wuce gaba. Littafin lissafin JSS 3 na ƙannenki ya ishe ki tushe, darussan Khan Academy ma kyauta ne, data kawai za su ci.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: tambayoyin da Turanci suke zuwa, kuma fahimtar abin da ake nema rabin aikin ne. Wanda ya karanta Tarihi ya saba tsefe jimla, nan kin fi wasu injiniyoyin ma.

Tambaya: Daga Argungu. Da waya kawai nake atisaye. Ya zama dole in sayi laftof da kalkuleta?

Amsa: Laftof don jarrabawa ɗaya, a'a. Amma kada ranar jarrabawa ta zama ranar da hannunka zai fara sabawa da linzamin kwamfuta. Jadawalin da kake zuƙowa da yatsa biyu a waya daban yake a allo, ga agogo yana ƙirga a gefe. Ka biya kuɗin awa a shagon intanet, ko ka roƙi wata cibiyar CBT da ake JAMB a cikinta, ka yi gwaji cikakke ko sau uku ne. Idan daga gida aka ce za a rubuta, yawanci ana bukatar kwamfuta mai kyamara da intanet marar yankewa, sai ka ari ta wani, ka cika ta da caji, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban, ka san halin wutarmu da sabis. Kalkuleta kuwa saƙon gayyata ne zai gaya maka ko an yarda da ita. In an yarda, ƙarama ta shago ta isa. In ba a ce komai ba, yi shiri kamar babu. A wajen ka duba ko ana rage maki a kan amsar kuskure. In ba a ragewa, kada ka bar ko tambaya ɗaya babu amsa.

Tambaya: Wani ya ce yana da hanya a ciki, in tura dubu hamsin zai turo mini amsoshi daren jarrabawa. Daga Ƙaura Namoda.

Amsa: Kada ka tura. Tsarin kwamfuta yakan ɗebo tambayoyi ne daga babban rumbu ya cakuɗa su, naka ba lallai su zo ɗaya da na wanda ke kusa da kai ba, balle a san su tun daren jarrabawa. Wasu kamfanonin ma sukan sake ɗan gwaji a gabansu ranar ganawa, don su tabbatar kai ka rubuta na farko. Ka toshe lambarsa, ka kuma sanar a zauren da ya same ka.