Faifai biyu masu kwafin juna: yadda ake duba lafiyarsu

Ka ce, "Oga, tunda kwamfutar tana tashi kuma fayiloli suna buɗewa, ai faifan biyu lafiya lau suke ko?" A'a, ɗana. An yi RAID 1, wato tsarin faifai biyu masu kwafin juna, don aiki ya ci gaba ko da faifai ɗaya ya mutu, shi ya sa mutuwar ba ta bayyana sai ka je ka duba da kanka.

A Linux, fara da cat /proc/mdstat. In ka ga [2/2] [UU], duka biyun suna aiki. In [2/1] [U_] ne, ɗaya ya fita, kana tafiya da ƙafa ɗaya. Umarnin mdadm --detail /dev/md0 (md0 shi ne sunan haɗin faifan biyu) zai nuna maka wanne ne.

To amma UU kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne masu gyara da yawa suke kuskure. Faifai yana iya samun gurbin da ya lalace a inda ba a karanta ba wata da watanni. Ranar da abokinsa ya mutu, aka zo kwafe komai zuwa sabo, sai aikin ya cije a daidai wurin. Saboda haka ka bi kowanne da smartctl -a /dev/sda, sannan sdb (sunayen faifan biyu ke nan). A jerin da zai fito, layi mai lamba 5 yana ƙirga lalatattun guraben da aka riga aka musanya. In tana ƙaruwa, ka nemi sabon faifai. Lamba 197 da 198, masu ƙirga guraben da suka ƙi karantuwa, su tsaya a sifili. Ita kuwa 199, yawanci laifin wayar SATA ne, ka canza waya kafin ka zargi faifan.

Duk wata ka sa a karanta biyun tas: echo check > /sys/block/md0/md/sync_action. In an gama, duba mismatch_cnt, wato ƙirgen wuraren da faifan biyu suka saɓa wa juna.

In canji ya kama, kafin komai ka kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri dabam, domin wanda ya rage zai sha wahala wajen kwafi. Rubuta lambar siriyal ta mataccen, ka gwada ta da wadda ke jikin faifan kafin ka zare, saboda sda da sdb suna iya musanya suna. Sabon kada ya gaza tsohon girma. Kwafi tsarin rabon faifan da ya rage zuwa sabon da sfdisk, ka shigar da sabon da mdadm --add. Faifan 2TB yakan ɗauki kimanin awa huɗu, don haka ka jona UPS saboda ɗaukewar wuta. Sannan ka yi wa sabon grub-install, wato ka sa masa manhajar da ke tayar da kwamfuta, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi da shi kaɗai ba.