Tukunya Ɗaya ta Nikolas Lambrinides

Ɗana, tambayar da ka yi mini daren jiya muna wanke tukwane ta kwana a raina. Ka ce shekararka huɗu ke nan a wannan kicin, ka iya dafa-duka da farfesu da soyayyar shinkafa da miya iri-iri, kuma ka tara abin da zai kama maka shago, saboda haka kana so ka sani ko lokacin tsayawa da ƙafarka ya yi, da kuma kalar abinci nawa ya kamata ka fara da su domin ka ja masu saye. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin yaron da ba ya tunanin buɗe nasa ba ya sa zuciyarsa a aikin maigidansa. Amma kafin in ba ka amsa, ina so ka ji labarin wani kuku da na daɗe ina auna sana'ata da tasa, ko da yake ba garinmu ɗaya ba, ba zamaninmu ɗaya ba.

Sunansa Nikolas Lambrinides, mutumin Kastoriya ne, wani gari a bakin tafki a arewacin ƙasar Girka wanda aka sani da sana'ar fatu. A shekarar 1912 ya bar gida ya tafi Amurka, ya sauka a birnin Sinsinati na jihar Ohayo, ya bar matarsa a baya saboda ba shi da kuɗin jirgin mutum biyu. Aikin da ya fara samu shi ne dafa wa leburorin hanyar jirgin ƙasa abinci, kuma duk wanda ya taɓa ciyar da lebura ya san irin makarantar da ke cikin wannan aiki, domin mutanen suna zuwa ne gaba ɗaya, da yunwa, a kan lokaci ɗaya, kuma ba su karɓar uzuri. Daga nan ya shiga kicin ɗin otal, sannan ya buɗe wani ɗan ƙaramin wurin cin abinci na gaggawa. Sai da ya yi kusan shekara goma yana tari kafin matarsa ta iya biyo shi, suka raini 'ya'ya maza biyar a can.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, bayan ya ɗanɗani zaman mai shago, lokacin yaƙin duniya na biyu ya same shi yana kuku a ƙarƙashin wasu, a wani gidan abinci mai suna Empress. Masu gidan 'yan'uwa biyu ne, Tom da John Kiradjieff, waɗanda suka fito daga wani gari kusa da Kastoriya, suka buɗe wurin a 1922. Su ne suka ƙirƙiro miyar da ta zama abincin birnin. Niƙaƙƙen naman sa ake zubawa a ruwa a marmasa shi ba tare da an soya ba, a bar shi yana dahuwa a hankali na sa'o'i da tumatir da barkono da kayan ƙanshi irin na ƙasarsu, kamar kirfa da kanumfari, har ya zama miya mai laushi wadda ba ta da gudajin nama, sannan a zuba a kan taliya. Nikolas bai ɗauki komawa ƙarƙashin wani a matsayin abin kunya ba. Yana dafa tukunyar masu gida yadda suke so, yana kuma gyara tasa miyar a hankali shekara bayan shekara, yana ƙara wannan yana rage wancan, har harshensa ya gamsu.

Sai a 1949, shekara 37 bayan saukarsa Amurka, ya buɗe gidan da ya fitar da sunansa, shi da uku daga cikin 'ya'yansa, a titin Glenway da ke kan tudun Price Hill. Daga kan tudun ana hango dogayen gine-ginen tsakiyar birni sun yi layi a jikin sararin sama, shi ya sa suka raɗa wa wurin suna Skyline. A 1953 suka buɗe na biyu, yau kuwa rassansa sun haura ɗari, kuma haɗin kayan ƙanshin miyar har yanzu sirri ne da ba a bayyana wa kowa.

Yanzu ka dubi abin da ya ɗora gidan a kai, domin a nan amsar tambayarka ta biyu take. Tukunya ɗaya ce. Mai saye yana faɗin lamba ne kawai: mai uku ita ce taliya da miya da gogaggen cuku da aka tula a sama, mai huɗu an ƙara albasa ko wake, mai biyar kuwa an ƙara duka biyun. Miyar nan dai ita ake zubawa a kan sosej a cikin burodi ga wanda ba ya son taliya. Mai saye yana ganin yana da zaɓi da yawa, amma kuku ya san abu ɗaya yake tsaro. Cefanensa kaɗan ne kuma ya san adadinsa, abin da ke kwana ya lalace ba shi da yawa, sabon yaro yana koyon zubi cikin 'yan kwanaki, kuma faranti yana isa gaban mutum kafin ya gama gyara zama. Wannan tsari ba shi ya ƙirƙiro shi ba, a gidan da ya yi wa aiki ya gan shi, ya ɗauka, ya ɗora miyarsa a kai. Ban ga aibu a cikin haka ba, domin kowane kuku a hannun wani ya fara riƙe ludayi.

Ni kaina na san zafin saɓa wa wannan hanya. Shagona na farko da kala tara na buɗe shi, ina ganin yawan tukwane shi ne yawan ciniki. Kullum bayan isha'i nakan tsaya a kan tukwane huɗu ko biyar da ba a ci rabinsu ba, in buɗe murfin miyar agushi in ji ta fara tsami, in kwashe in zubar, alhali kuɗin naman da ke cikinta bashi ne. Abin da ya fi ciwo shi ne babu wata tukunya a cikin taran da mutum zai ketare titi dominta, saboda hannuna ya rabu, ɗanɗanon yau daban da na jiya. Kafin shekara ta zagayo na rufe, na koma kuku a wani otal, na ƙara shekara shida. Da na sake buɗewa, da farfesun kan sa kaɗai na fara, kuma ka ga da idonka yadda har yau shi ne ke ƙarewa kafin la'asar.

Ban ce ka jira shekara 37 ba. Shi baƙo ne a ƙasar da bai san harshenta ba, yana tara kuɗin ɗauko iyali, kai kuwa a garinku kake, kana da ni a bayanka. Amma iya dafa kala goma ba shi ne alamar lokacinka ya yi ba. Alamar ita ce ka sami tukunya ɗaya da za ka dafa yau, ka dafa gobe, ka dafa ranar da kake zazzaɓi, mai ci bai ji bambanci ba, kuma ka san ko faranti nawa ke fita daga cikinta, da kuɗin da kowane faranti ya ci na nama da mai da gas da hayar shago. A cikin duk abin da kake dafawa, dafa-dukarka ce na ga mutane suna tambayar wanda ya yi, sai dai gishirinta yana yawo, kuma kana zuba mai da ido.

Saboda haka daga gobe bayan asuba tukunyar dafa-duka ta zama taka har wata uku. Ka sayi littafi, ka auna shinkafa da mudu, mai da ludayi ɗaya da ba za ka canja ba, gishiri da cokali, ka rubuta komai tare da kuɗinsa da adadin farantin da ya fita. Ni zan ɗanɗana kowace rana kafin a fara zubi. Kuɗin da ka tara kuma ka bar su inda suke, kada ka ba dillalin shago ko sisi, sai mun zauna a kan littafin nan ni da kai idan watannin sun cika.