Amsar Goggo kan abincin yaro ɗan wata tara

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma ji daɗin jin cewa angon nawa ya cika wata tara lafiya, har yana zama da kansa yana kai hannu kwano. Allah ya raya mana shi.

Kin ce kina so ki riƙa dafa masa abinci da hannunki, da kayan da aka noma ba takin zamani ba feshin magani, waɗanda ake kira oganik. Sai dai manya suna ce miki ki bi yadda aka saba: a dama masa kunu ruwa-ruwa, a lasa masa zuma, a tauna nama a sa masa a baki, a ɗan zuba gishiri don ya ji ɗanɗano. Kina tambaya wanne za ki ɗauka, wanne za ki ajiye.

Ginshiƙin al'adar daidai ne, kada ki sake shi: yaro ya ci daga irin abin da gida ke ci, a dafa sabo, uwa ta zauna ta ba shi da haƙuri, kuma a ci gaba da shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da take cewa ke nan, nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci, a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Amma waɗannan abubuwa huɗu da aka lissafa miki, duka huɗun ki bar su, zan kuma faɗa miki dalilin kowanne don ki samu abin faɗa cikin ladabi idan an tambaye ki.

Na fara da kunun, don a nan aka fi cutar da yara ba a sani ba. Cikin yaro ɗan wata tara bai wuce ɗaukar kofi guda ba, wato kusan mililita 250. In kika cika shi da kunun da rabinsa ruwa ne, ya ƙoshi a ido, amma bai samu abin gina jiki ba. Sai ki ga yaro yana sha kullum, nauyinsa kuma ya tsaya wuri ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne. Ki ɗebo kunun a cokali, ki karkata shi. In ya zube nan take, ya yi ruwa. In ya tsaya a cokalin, sai a hankali ya zame ya faɗi dunƙule guda, to kaurin ya yi. Ga yadda za ki haɗa garin: hatsi awo uku, kowane iri kike da shi, da wake awo ɗaya. Ki tsince su, ki wanke, ki shanya su bushe ƙayau, ki soya waken sama-sama har ya yi ƙamshi, ki cire ɓawonsa, sannan a niƙa tare a tankaɗe. Babban cokali uku na garin a kofi ɗaya na ruwa, ki fara kwaɓa shi da ruwan sanyi don kada ya yi gudaji, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa kamar minti goma, don waken ya nuna sosai. In kin sauke ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai ko na niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi. Man nan yana ƙara ƙarfi ba tare da ya ƙara yawan abincin ba, yana kuma sassauta kaurin yadda zai haɗiyu. Ki riƙa sauya hatsin, kada kullum ya zama shinkafa.

Yawan abincin kuwa, daga wata 9 zuwa 11 a ba shi sau uku zuwa huɗu a yini, kowane zama kamar rabin kofi, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu in yana so. Daga shekara ɗaya a kai kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa cikakken kofi. Wannan ma'auni ne kawai. Ran da ya kau da kai ya rufe baki, ki ƙyale shi, kada a yi masa ɗura.

Zuma ba ta da wurin zama a bakinsa sai ya cika wata 12, ko ɗigo ɗaya. Tana iya ɗauke da irin wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Hanjin babba yana hana ta tsiro, na jariri bai kai nan ba, sai ta tsiro a ciki ta saki dafi mai kashe jijiyoyi. Alamunsa su ne yaro ya kasa bayan gida, ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, wuya da gaɓoɓi su saki. Dafa zumar ba ya kashe irin, kuma tsantsar zuma ba ta fi wata tsira ba. Sukari ma ki bar shi. In kina son zaƙi, ga ayaba nunanna, ga gwanda, ga mangwaro.

Gishiri kuma, ƙodarsa ba ta gama ƙwari ba. Yaron da bai kai shekara ba bai kamata ya wuce giram ɗaya na gishiri a yini ba, kuma nono da abincin kansu sun riga sun kawo masa abin da yake bukata. Dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne mafi yawansa. Dabarar ita ce ki ɗebi rabonsa daga tukunya kafin ki sa gishiri da dunƙule da yaji. Albasa, tafarnuwa kaɗan da tumatir duk ba laifi. Bakinki ne ya saba da gishiri shi ya sa za ki ji abincin salam, shi bai san da wannan ba.

Taunawa a ba yaro, iyaye sun yi ta ne lokacin da ba su da abin niƙa, niyyarsu kuma mai kyau ce, so suke yaro ya ci nama. Sai dai yawun babba yana ɗauke da ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori, da wasu cututtukan da mai su ma bai san yana da su ba. Ki riƙe niyyar, ki sauya hanyar. Naman nan wajibi ne, domin jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, wadda take ƙarewa wajen wata shida, nono kuma ba ya cike giɓin. Rashin ƙarfen ke kawo ƙarancin jini, yaro ya yi fari-fari, ya yi sanyi, har ya taɓa masa kaifin ƙwaƙwalwa. Don haka kullum ki tabbata akwai ɗaya daga cikin nama, kaza, kifi ko ƙwai a kwanonsa. Ki dafa nama har ya yi luguf, ki yanka shi a gicciye ba bin tsawon zaren ba, sannan ki daka ko ki niƙa da ɗan romonsa. Babban cokali ɗaya zuwa biyu ya isa zama guda. Kifi ki murmushe shi da yatsunki, ba da cokali ba, don yatsa ne ke jin ƙaya. Ƙwai ya dahu fari da gwaiduwa duka su daskare. Hanta tana da ƙarfe sosai, amma bitamin A ya yi mata yawa, don haka kaɗan, sau ɗaya a mako. Ranar da wake ko ganye ne kawai, ki haɗa da tumatir ko ɓangaren lemu ko gwanda, bitamin C ɗinsu yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa hana tsotsarsa yake yi, kada a ba shi.

Yanzu batun kayan da ba a fesa ba. Abu ne mai kyau, yana rage ragowar maganin ƙwari da ke shiga cikinsa. Amma kada sunan ya sa ki saki jiki. Gonar da ba ta amfani da takin zamani galibi kashin dabbobi take sawa, shi kuwa yana iya ɗauke da ƙwayoyin gudawa. Shi ya sa a Amurka dokar irin wannan noma ta ce in an zuba ɗanyen taki, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. In a tukunya ko bayan gida kike shukawa, ki yi amfani da takin da ya riga ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa. Karas da dankali ki goge su ƙarƙashin ruwa mai tsabta, ki fere. Ganye ki ware shi ɗaya-ɗaya ki wanke, ki sauya ruwa har ƙasa ta daina kwanciya a ƙasan roba. Ba a sa sabulu. Masara da gyaɗa ki duba su da kyau, ki zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta motse ko ta sauya launi, domin fumfunar tana barin guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kawar da ita. Dankalin turawa da ya yi kore ko ya yi tsiro da yawa ba na yaro ba ne. In kuma wata rana ba ki samu wanda ba a fesa ba, ki sayi na kullum ki wanke ki fere. Yaron da ya ci karas na kullum ya fi wanda aka hana karas ana jiran na musamman.

Wajen dahuwa, turarawa ta fi tafasawa, don bitamin da yawa ruwa suke bi. Ki ɗora rariyar ƙarfe a kan tukunya mai ruwa kaɗan, ki rufe. Kabewa da dankali da aka yanka ƙanana minti 10 zuwa 15, karas ya ɗan fi haka, ganye minti uku zuwa biyar. In tafasawa kika yi, ruwan ya zama kaɗan, kuma da shi za ki dama. Ga kwano guda cikakke: dankali ko kabewa daidai dunƙulen hannunsa, karas rabi, ganye cokali ɗaya, nama cokali biyu, mai ƙaramin cokali.

A wata tara ki fara janye blanda. Ki murmushe da cokali mai yatsu ki bar ƙananan gudaji, domin yaron da aka daɗe ana ba shi mai santsi har ya wuce wata goma yakan ƙi tauna daga baya. Dasashinsa yana aiki ko ba haƙori. Ki yanka masa turarren karas ko dankali tsawon yatsanki ya riƙe da kansa. Kafin ki miƙa, ki matsa yankan tsakanin babban yatsa da manuni; in ya lotse ba wuya, ya yi, in ya turje, ki mayar wuta. Ɗanyen karas, ɗanyen tuffa, gyaɗa ɗungum da guguru ba nasa ba ne, gyaɗa ɗungum ma sai ya kai shekara 5. Inabi a tsaga shi gida huɗu ta tsawo. Ya ci a zaune a miƙe, ke kuma kina gabansa.

Ki san bambancin yunƙurin amai da shaƙewa. In ya yi ja, yana tari da kakari, harshe a waje, jikinsa ne ke turo lomar, ki bar shi. In ya yi shiru, ba kuka ba tari, leɓɓa sun fara duhu, abu ya toshe hanyar iska. Ki kifa shi a kan damtsenki, kansa ƙasa da ƙirjinsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da tudun hannu. In bai fito ba ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirji sau biyar da yatsu biyu, kina maimaitawa, wani kuma yana neman taimakon gaggawa. Kada ki cusa yatsa kina lalube, tura abin ciki za ki yi.

Ƙwai, gyaɗa, kifi, alkama, riɗi da madarar shanu su ne aka fi samun jikin yaro ya ƙi. Jinkirta su ba ya karewa. Ki shigo da su ɗaya bayan ɗaya, da safe, kaɗan, ki ba da kwana biyu ko uku kafin na gaba, in ya karɓa kuma ki ci gaba da ba shi a kai a kai. Borin jini, kumburin fuska ko amai nan take, ki dakata ki ga likita. Numfashi da ƙyar, asibiti kai tsaye. In yana da ƙyasbi mai tsanani tun farko, ki tambayi likita kafin gyaɗa da ƙwai. Madarar shanu a girki ba laifi, amma kada ta maye gurbin nono kafin shekara. Abin sha ruwa ne mai tsabta a kofi. Ruwan 'ya'yan itace ki bari, ki ba shi ɗan itacen kansa. Abincin da ya tofar yau ki sake kawowa jibi, wani sai an kawo sau goma kafin ya karɓa.

Saura ajiya. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in ana zafi ma awa ɗaya. Wanda za ki ajiye ki baza shi a faranti ya huce da wuri, ki rufe, ki sa a firji, a cinye cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Shinkafa kwana ɗaya kawai, don akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa ta yaɗu in ta daɗe a ɗumi. In kina da firiza, ki zuba a farantin yin ƙanƙara, kowane gurbi kusan babban cokali ɗaya zuwa biyu ne, in ya daskare ki juye a mazubi mai murfi ki rubuta kwanan wata, ki yi amfani da shi cikin wata ɗaya zuwa uku. Wajen ɗumamawa ya yi zafi har tsakiya yana tururi, ki juya, ki bar shi ya huce, ki gwada a bayan hannunki. Sau ɗaya ake ɗumamawa. Ragowar da cokalinsa ya riga ya shiga ki zubar, yawu ya sa mata ƙwayoyi, yawun ne kuma yake sa ki ga ta tsinke bayan ɗan lokaci. In ba ki amince da sanyin firjin ba, ki dafa kaɗan-kaɗan kowane zama, garin kunun kuma ki niƙa na mako biyu kawai ki adana a kwalba busasshiya.

Su manya kuwa, kada ki yi musu gardama a gaban mutane. Ki ce likitoci sun hana zuma da gishiri sai ya shekara, ki miƙa musu kwanon da kika riga kika haɗa su ba shi da hannunsu. Ki kuma riƙa kai shi awo kowane wata, in nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere ki faɗa wa ma'aikatan lafiya abin da yake ci da yawansa. Ki gaida maigidanki da mutanen gidan duka.

Goggonki