Mesata ta yi ƙwai ban shirya ba, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga unguwar Birni nake, nan Damagaram. Ina kiwon ƙananan mesa biyu a akwati ɗaya, irin masu dunƙulewa idan sun tsorata. Wanda ya sayar mini ya ce duka mata ne. Yau da safe na tarar babbar ta nannaɗe ƙwai shida. Yaya aka yi haka, kuma me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawanci ɗayar namiji ne. Masu sayarwa kan dogara da ƴan ƙayoyin nan biyu na gefen dubura, alhali mace da namiji duk suna da su. Likitan dabbobi ne ke tantancewa da wani siririn ƙarfe; kada ka gwada da kanka, za ka ji mata rauni. Mace kuma takan ajiye maniyyi watanni, har ma takan yi ƙwai babu namiji, amma ba kasafai ba. A 2020, a gidan namun daji na Saint Louis a Amurka, wata mesa irin taka mai shekara 62 ta yi ƙwai bakwai bayan fiye da shekara 15 ba ta kusanci namiji ba.

Fara da fitar da ɗayar zuwa wani akwati yau ɗin nan, kuma kada ka sake haɗa su. Wannan mesa ba ta son zaman tarayya.

Ƙwan nan ba a juya shi kamar na kaza. Ɗan tayin yana mannewa ta sama, idan ka kifar da ƙwan gwaiduwa ta danne shi ya mutu. Sa alama da fensir a saman kowanne, waɗanda suka manne da juna ka bar su haka. Haska su da tocila a cikin duhu: mai rai fari ne, za ka ga jajayen jijiyoyi, ƙarami mai rawaya da tauri fanko ne.

Shawarata, tunda kuran yana yawan ɗaukewa, kada ka dogara da injin ƙyanƙyasa, ka bar wa uwar ƙwanta ta kwanta a kai. Idan ta yashe su, samo roba mai murfi, zuba ruwa kaɗan a ƙasa, ɗora raga a sama, ka jera ƙwan yadda ba za su taɓa ruwa ba. Ana son zafi digiri 31 zuwa 32, su ƙyanƙyashe cikin kwana 55 zuwa 60.

A garinmu zafi ne abin tsoro. Da bazara yakan wuce digiri 40, kuma idan ƙwai suka daɗe sama da 34, ƴaƴan su fito da karkataccen baya ko su mutu a ciki. Kai su ɗakin ƙasa mai kauri, kusa da randa, ban da ƙarƙashin rufin kwano. Sa ma'aunin zafi dab da ƙwan, ka riƙa dubawa musamman tsakanin azahar da la'asar. Da hunturu kuwa bushewar iska ce matsala: ƙwan da ya lotsa a makonnin farko laima yake nema, amma lotsawa dab da ƙyanƙyasa daidai ne. Kada ka fesa musu ruwa kai tsaye, kuma ka goge raɓar murfi kafin ta ɗiga, don ita ke kawo fumfuna.

Idan ɗan ya tsaga ƙwai ya leƙo, ƙyale shi. Yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana shanye gwaiduwa. Kowanne da ɗan akwatinsa da ruwan sha, ba a ba shi ɗan ɓera sai ya yi saɓar farko, bayan mako ɗaya zuwa biyu. Uwar kuma, idan ka ga sauran kumburi a cikinta kwana biyu bayan ta yi ƙwai, ƙwai ne ya maƙale. Kai ta wurin likita, kada ka matsa.

Kowane ɗa na iya rayuwa shekara 20 zuwa 30. Idan ba ka da halin riƙon shida, sa ƙwan a firiza tun kwanakin farko don kada su ƙyanƙyashe. Idan sayarwa za ka yi, tuntuɓi ma'aikatan gandun daji tukuna, domin cinikin wannan mesa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji a duniya.