Tambaya da Amsa: Majigin Zamani da Manhajojin Kallo

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowar, dukansu daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya, kuma dukansu a kan na'urar majigi ta zamani, wato wadda ake haska hoto da ita a bango kuma take shiga intanet da kanta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Shara Mansur cikin Makka. Kafin azumin bara na sayi majigi ta intanet, domin mai sayarwa ya rubuta cewa yana da Android kuma yana ɗaukar dukkan manhajojin kallo. YouTube tana aiki lafiya, da ita muke kallon wa'azi da shirye-shiryen Hausa a bangon falo. Amma Netflix ba ta cikin rumbun manhajojinsa, kuma da wani yaro ya saka mini ita ta wata hanya, sai hoton ya fito dishi-dishi, rimot kuma ba ya zaɓar komai sai na yi ta jan wata 'yar kibiya. Manhajar Shahid ta shirye-shiryen Larabci wata rana ta buɗe, wata rana ta ƙi. Na gwada haska fim daga wayata, sai murya ta fito amma bangon ya yi baƙi. An cuce ni ne, ko ni ne ban iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba rashin iyawarka ba ne, kuma na'urar ba ta lalace ba. An dai yabe ta fiye da ƙarfinta. Kalmar Android da ake bugawa a jikin kwali tana nufin abubuwa biyu da ba su zama ɗaya ba. Akwai Android TV da Google TV, waɗanda kamfanin Google ya tsara domin babban allo da rimot, kuma ba a sa su a cikin na'ura sai Google ya gwada ta ya amince. Akwai kuma Android na kowa da kowa, wanda duk mai ƙera na'ura zai iya ɗauka ya zuba ba tare da izinin kowa ba, kuma asalinsa na waya ne, an yi shi domin yatsa ya taɓa gilashi. Mafi yawan na'urorin majigi masu araha wannan na biyun suke ɗauke da shi, kuma shi ne dalilin da ya sa kake fama da kibiya: manhajar da aka saka maka ta waya ce, tana jiran yatsa, kai kuwa rimot ne a hannunka.

Maganar dishi-dishi ta fi wannan zurfi. Kamfanonin da suka mallaki finafinai ba sa yarda a watsa kayansu sai a kulle, domin kada a kwafa. Makullin da ake amfani da shi a na'urorin Android sunansa Widevine, shi ma mallakin Google ne, kuma yana da matakai. Na'urar da take kan matakin L1 tana buɗe hoton ne a wani keɓaɓɓen sashe na ƙwaƙwalwarta inda ba a iya sace shi, don haka ake sakar mata hoto mai cikakken kyau. Wadda take kan L3 ba ta da wannan sashen, saboda haka manhajojin kallo ba sa ba ta sai ƙaramin hoto mai layuka wajen 480, alhali hoto mai kyau layuka 1080 ne. A gilashin waya bambancin ba ya damun ido sosai, amma idan aka shimfiɗa layuka 480 a bango mai inci 100, fuskar mutum sai ta zama kamar an shafa mata ruwa. Bayan wannan kuma Netflix tana da nata gwajin daban, kuma na'urar da ba ta ci gwajin ba ba za ta ga manhajar Netflix ta talabijin a rumbunta ba. YouTube tana yi maka aiki ne domin bidiyon da mutane suke ɗorawa a cikinta ba a kulle yake da irin wannan makullin ba. Idan kana son tabbatarwa da idonka, akwai wata ƙaramar manhaja mai suna DRM Info wadda take nuna matakin da na'ura take kai.

Baƙin bango da ka gani ma daga wannan gida ya fito. Manhajojin da ake biya suna hana a kwafi abin da yake kan fuskar waya, ko ta iska ko ta ɗaukar hoto. Gwada ɗaukar hoton fuskar wayarka lokacin da fim yake tafiya a Netflix, za ka tarar da baƙi ƙirin. Abin da majigin ya haska maka ke nan.

Shawarata ita ce ka daina dogaro da ƙwaƙwalwar majigin gaba ɗaya, ka mayar da shi fitila da madubi kawai, ka sayo masa ƙwaƙwalwa daga waje. Ka duba bayansa, za ka ga ramin HDMI. A nan ake soka ƙananan na'urorin kallo irin su Fire TV Stick na Amazon, da Google TV Streamer wanda ya maye gurbin Chromecast a 2024, da Apple TV, da akwatunan Xiaomi masu Google TV. Ana samunsu a shagunan Jarir da eXtra, da kuma ta intanet a Amazon da Noon, kuma masu sauƙin kuɗi a cikinsu ba su kai kuɗin sabon majigi ba ko kusa. Waɗannan suna da izinin da majiginka ba shi da shi, manhajojinsu kuma an yi su domin rimot. Kafin ka biya, ka shiga shafin kowace manhaja da iyalinka suke kallo, ko Shahid ce ta kamfanin MBC, ko OSN+, ko STARZPLAY, ko Disney+ wadda ta shigo ƙasashen Larabawa a watan Yunin 2022, ka duba jerin na'urorin da take yarda da su, domin ba kowace manhaja ce take kan kowace na'ura ba.

Abubuwa biyu suna yawan rikita mutane bayan sun sayo. Na farko, kada ka jona wutar ƙaramar na'urar a ramin USB na majigin, domin sau da yawa wutar da yake bayarwa ba ta isa, sai na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi a tsakiyar fim. Ka yi amfani da cajarta ta bango. Na biyu, idan hoto ya fito amma babu murya, dalilin yawanci shi ne na'urar tana aiko da sauti irin na Dolby wanda majigin ba ya iya fassarawa. Ka shiga saitin sauti ka mayar da shi PCM ko sitiriyo, murya za ta dawo.

Ina kuma so ka cire majigin kansa daga intanet na gidan, kuma kada ka sake shigar da adireshinka na imel ko lambar katin banki a cikinsa. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wata muguwar manhaja da ake kira BadBox, wadda ake samu a cikin wasu na'urorin Android marasa izini tun kafin su iso hannun mai saye, kuma ta ambaci na'urorin majigi a cikin jerin. Ban ce taka tana ciki ba, amma tunda sabuwar na'urar ce za ta riƙa shiga intanet, babu dalilin barin tsohuwar a buɗe.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni uwargida ce a Jidda. Majiginmu yana ɗaukar manhajoji lafiya, amma kuɗin wata ya yi mana yawa: yara suna son nasu, maigida yana son ƙwallo, ni kuma ina son shirye-shiryen Hausa da na Larabci. Wata maƙwabciya ta ce mu sayi wani akwati da ake biya sau ɗaya a shekara a sami komai. Kuma hoton yana yawan tsayawa da dare. Sannan ƙanwata a Kano tana so in ba ta lambar sirrin Netflix ɗinmu.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Akwatin da maƙwabciyarki take magana a kai ban ba ki shawarar sayensa ba. Wanda ya tara kayan kamfanoni goma ya sayar a kuɗin guda ɗaya bai biya masu kayan ba, kuma a Saudiyya hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha tana toshe irin waɗannan hanyoyin akai-akai, ta yadda akwatin da aka biya wa shekara zai iya yin shiru a wata na uku ba tare da wanda za a kai wa ƙara ba. Irin waɗannan akwatunan ne kuma aka fi samun muguwar manhajar da na ambata wa Alhaji a sama.

Hanyar rage kuɗi ita ce ki lura cewa kusan dukkan manhajojin nan wata-wata ake biyansu, kuma ana iya dakatarwa a dawo ba tare da tara ba. Babu gidan da yake kallon manhaja huɗu a lokaci ɗaya. Ku riƙe guda ɗaya da kowa yake taɓawa, sauran kuma a riƙa juya su: Shahid a watan azumi lokacin da sababbin shirye-shiryen Larabci suke fitowa, ta yara a lokacin hutun makaranta, ta ƙwallo a lokacin da gasar da maigida yake bi take gudana. Abin lura shi ne suna sabunta kansu su cire kuɗi idan ba a dakatar ba, don haka ranar da kika biya, ranar za ki shiga ki kashe sabuntawar. Za ki ci gaba da kallo har ƙarshen kwanakin da kika biya. Ke kuwa naki ya fi na kowa sauƙi, domin mafi yawan shirye-shiryen Hausa masu dogon zango a YouTube ake sakinsu kyauta, tashar Arewa24 ma tana da shafinta a can, haka nan tashoshin Alƙur'ani da Sunna da suke nuna Masallatan Harami biyu kai tsaye.

Tsayawar hoto kuma ki fara zargin nisa da bango kafin ki zargi kamfanin intanet. Netflix ta ce megabit 5 a daƙiƙa ya isa hoto mai layuka 1080, megabit 15 kuma ya isa 4K, wato hoton da ya fi wannan yawan layuka, kuma wannan ba wani abu ba ne ga layin gida a Jidda. Matsalar ita ce gine-ginen nan na kankare ne, kuma a dogon bene kowane gida yana da na'urar rarraba intanet tasa, duk suna cunkoso a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz bayan sallar isha'i. Ki sa majigin a zangon 5 GHz, wanda ya fi sauri kuma ba shi da cunkoso amma ba ya ratsa bango sosai, sannan ki matso da na'urar rarrabawar ɗakin da ake kallo. Idan intanet ɗinku mai iyaka ne, ki sani cewa awa ɗaya ta hoto mai kyau a Netflix tana iya cin gigabait 3, ta 4K kuma har 7, kuma ana iya rage wannan a cikin saiti.

Game da ƙanwarki, tun 2023 Netflix ta ɗaure kowace rajista da gida ɗaya, tana gane gidan ta intanet ɗin da talabijin ko majigin yake amfani da shi, don haka na'urar da take Kano za ta riƙa cin karo da neman tabbaci. Ya fi sauƙi ta buɗe tata a can ta biya da naira.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Madina. Ina son sayen majigi domin ɗakinmu, wani lokaci kuma mu fita da shi istiraha, wato gidan shaƙatawa. Na ga wani mai araha an rubuta lumen 12,000 da 4K. In saya?

AMSA: Ɗan'uwa, kada lambar ta ruɗe ka. Ma'aunin haske da ake iya dogaro da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI ko ISO a gefensa, domin ana auna shi ne a wurare tara a kan allon da kansa. Lambar da ta zo ba tare da ɗayan waɗannan ba sau da yawa hasken ƙwan da yake ciki ne kafin ya ratsa madubai, ko kuma lambar talla kawai, har kamfanin Epson ya sha kai wasu masu ƙera majigi kotu a Amurka a kan irin wannan iƙirarin. Ƙaramin majigi mai araha hasken gaskiyarsa 'yan ɗaruruwa ne, wanda ya isa ɗaki mai duhu ko farfajiya bayan magariba, amma ba ya iya karawa da ranar Madina ko da an saki labule. Haka nan rubuta cewa yana karɓar 4K ba ya nufin yana haska 4K. Ka nemi ainihin adadin layukan da yake fitarwa, kuma kada ka sauka ƙasa da 1080. Ka auna ɗakin kafin ka fita: allo mai inci 100 faɗinsa ya kai mita 2.2, kuma yawancin ƙananan na'urori suna buƙatar nisan mita biyu da rabi zuwa uku kafin su cika shi.

Idan kana son mai ƙwaƙwalwa a ciki, ka tabbata an rubuta Google TV kuma akwai maɓallin Netflix a jikin rimot ɗin, domin wannan alama ce mai kyau ta cewa yana da izini. Ka saya a shagon da zai ba ka rasit, domin ƙa'idar ma'aikatar kasuwanci ta Saudiyya ta ba kayan lantarki garantin shekara biyu, kuma rasit ɗin ne hujjarka. Zafi da ƙura su ne suke kashe waɗannan na'urori a nan: kada ka bar shi a cikin mota da rana, kada ka ɗora shi a kan darduma ko katifa inda ramukan iskarsa za su toshe, kuma duk ranar da kuka dawo daga istiraha ka goge ramukan ka share matatar ƙurarsa kafin ka mayar da shi jaka.